Inda Aka Ajiye Iyakar Gona Kafin Bakolori

Aikina shi ne tsara wa kamfanoni manhajar kwamfuta, kuma duk inda na shiga tambayata ta farko ɗaya ce: a ina kuke ajiye bayananku? Da an yi wa manoman Mafara, Bakura da Maradun wannan tambaya kafin a soma madatsar ruwa ta Bakolori, da amsar ta ɗauki kwanaki.

A wancan lokacin, iyakar gona tana jikin gonar ne: layin gamba, tsohuwar ɗorawa, suri, kwarin da ruwa ya ci. Wane ya gada, wane ya saya, wane aro aka ba shi, wane kuma jingina yake riƙe da ita, wannan yana kan dagaci da dattawan unguwa. Abin da ya kai gaban alƙali ne kaɗai ya shiga littafi. Wani malami kan rubuta shaidar ciniki da ajami ya cusa a gafaka. Takardar haraji kuwa, wadda kowa ke ɓoyewa a ƙasan adaka, mutum ta ƙirga, ba ƙasa ba.

Kamfanin Impresit na Italiya ya kammala madatsar a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tafkin ya cinye gonaki da ƙauyukan ƙasar Maradun. A ƙasan madatsar kuma, domin a shimfiɗa filin ban-ruwa, katafila ta bi ta tuge itatuwa, ta baje suri, ta share gamba. A ganina babbar ɓarnar ke nan: an rushe ma'ajiyar tun ba a gama kwafe abin da ke cikinta ba. Da aka zo rabon filaye da biyan diyya, mai jingina da mai gado suka tsaya kan fili guda, ba itacen da za a nuna.

Manoma suka tare hanyoyin aikin. A Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na mamata, mutanen yankin kuwa ɗaruruwa suke lissafawa.

Da shirin TRIMING na Bankin Duniya ya zo gyaran Bakolori bayan 2014, sai da aka koma ga rajistar manoma ta hannun ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, fili bayan fili, kafin a san wanda za a nema kuɗin ruwa.