Malamin Badujalar Da Aka Ce Masa Babu Aiki

Shekaranjiya da yamma muna dawowa daga masallaci ni da wani ɗan garinmu, sai muka bi ta bayan sashen koyon kiɗa. Yara na ta busa, suna atisayen bikin yaye ɗalibai. Abokin nawa ya tsaya ya kalle su, ya girgiza kai ya ce, "Wai a ce ubanka ya biya kuɗin makaranta ka zo karatun roƙo." Na yi dariya, don ni ma haka na taso ina gani. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in ba ku labarin wani mutum.

Sunansa William Patrick Foster, baƙar fata ɗan Amurka, an haife shi a Kansas City a 1919. Yana ɗan shekara 12 ya fara busa wata sarewar Turawa da ake kira kilarinet. Ya shiga Jami'ar Kansas ya karanta kiɗa, ya gama a 1941. Burinsa ya zama jagoran babbar ƙungiyar makaɗa, irin mai tsayawa a gaba da ɗan tsinke yana ba da hannu. Da ya je wa shugaban tsangayarsu da wannan magana, sai mutumin ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa babu irin wannan aiki ga baƙar fata. Kuma fa ba ƙarya ya yi masa ba, lokacin haka ƙasar take. Foster ya sha ba da wannan labari daga baya, yana cewa a ranar ya ƙudurta zai gina tasa ƙungiyar ta baƙaƙe wadda za ta fi ta Turawan.

Ya ɗan koyar a wata sakandare a jihar Missouri, ya wuce Fort Valley, ya yi Tuskegee. A 1946 ya sauka Florida A&M da ke Tallahassee, makarantar baƙaƙe zalla, don a wancan zamani dokar jihar ba ta yarda baƙi da fari su zauna aji ɗaya ba. Yaƙin duniya bai daɗe da ƙarewa ba, 'yan badujalar makarantar sun watse. Mutum 16 ya fara da su. Ya ce shi 100 yake so, kuma daga nan sunan Marching 100 ya samo asali. Daga baya sun haura 300, amma sunan bai canja ba.

To me ya yi da ya bambanta? Badujala a Amurka gadon soja ce, kamar dai tamu ta 'yan sanda: a jera, a miƙe ƙyam, hagu dama, hagu dama. A wasan ƙwallonsu na jami'o'i ita ke cike hutun rabin lokaci, mutane kuwa su tashi sayen abinci. Foster ya riƙe jerin sojan da tsantseninsa, sai ya zuba masa abin da yaransa suka taso da shi a gida. Ya sa ana ɗaga gwiwa har kusa da ƙirji, ana kaɗa kayan busa hagu da dama. Su shigo fili a hankali kamar masu rakiyar gawa, taku ɗaya sai an jira, can kwatsam su ɓarke da gudun da ya haura taku 300 a minti ɗaya. Sannan rawa, da waƙoƙin da ake ji a rediyo a lokacin, har da na James Brown. Sai ya zama hutun rabin lokacin ne mutane ke zuwa kallo.

Abin da ya fi burge ni ba rawar ba ce. Mutumin yana wannan aiki yana karatu. Ya yi digiri na biyu a Wayne State a 1950, ya yi digirin digirgir a Columbia a 1955, ya rubuta littafi kan yadda ake tsara wasan badujala a fili. Wanda ke fama da babi na biyu na kundinsa kamar ni ya san wannan ba wasa ba ne. Ya san cewa in yaransa suka yi rawa kawai, za a ce ai dama baƙi sun iya rawa. Shi ya sa ya matsa wa sauti: dole busarka ta fita tsaf ko kana tsalle, dole ka iya karanta kiɗa a rubuce.

A 1985 ƙungiyar ta karɓi kofin Sudler, babbar lambar badujalar jami'o'i a Amurka, kuma ita ce ta farko daga makarantun baƙaƙe. A 1989, da Faransa ke bikin cika shekara 200 da juyin juya halinta, su aka gayyata suka wakilci Amurka a faretin birnin Faris. A 1994 ya zama shugaban ƙungiyar jagororin badujala ta Amurka, wato sana'ar da aka ce masa babu gurbinsa a ciki. Ya yi ritaya a 1998 bayan shekara 52, ya mutu a 2010 yana da shekara 91.

Ni dai ban ce kowa ya bar injiniya ya koma busa ba, kuma batun hukuncin kiɗa na bar wa malamai. Amma mu da muke da algaita da kakaki da kalangu da kotso, mu da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, yaranmu nawa ne za su iya rubuta kiɗan kotso a takarda yadda wani zai buga shi bayan shekara 100? Muna jin daɗin abin a mota, muna ƙyamar a ce ɗanmu ne ya karance shi.

Akwai kuma ɓangaren da bai da daɗi, kuma mu da ke karatu a nan kudu za mu gane shi. A cikin ƙungiyar an samu ƙananan gungu masu al'adar dukan sabon shiga kafin a karɓe shi, abin da bai da maraba da na 'yan ƙungiyar asiri. A Nuwamban 2011, shekara ɗaya da 'yan watanni bayan mutuwar Foster, wani ɗalibi ɗan shekara 26, ɗaya daga cikin masu riƙe sanda a gaba, ya mutu bayan 'yan uwansa sun yi masa duka a cikin bas a Orlando. Aka dakatar da ƙungiyar, shugaban jami'ar ya sauka a 2012, wasu ɗaliban suka tafi gidan yari. Sai a 2013 aka bar su suka koma fili, da tsauraran sharuɗɗa kan maki da rajista, kuma yawansu bai kai rabin na da ba.