Fim ɗin Kaboyi, Jiya da Yau

Asalin kaboyi makiyayin shanu ne a yammacin Amurka. Bayan da yaƙin basasar ƙasar ya ƙare cikin 1865, su ne ke kora garkuna bisa dawaki daga Teksas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas. Da yawa daga cikinsu baƙar fata ne, waɗansu kuwa mutanen Meksiko. Amma da masu silima suka ɗauki labarinsu, sai suka kafa masa tasu ƙa'ida. Galibi jarumi Bature ne, mugu ɗan fashi ne, mace tata kallo, a ƙarshe kuma jarumi ya hau dokinsa ya tafi lafiya.

Da zamani ya juya aka sāke yin waɗansu tsofaffin finafinan, sai ƙa'idar nan ta soma sakewa. Cikin 1960 aka yi The Magnificent Seven, inda mayaƙa bakwai suka tsare wani ƙauyen Meksiko daga 'yan fashi. Da aka maimaita shi cikin 2016, shugaban bakwai ɗin baƙar fata ne, watau Denzel Washington. Mugun kuwa ya zama attajiri mai haƙar zinariya, wanda ke ƙwace ƙasar talakawa. Wadda ta tafi neman mayaƙan mace ce da aka kashe wa miji.

Haka kuma True Grit, labarin yarinya mai shekara 14 da ta yi ijara da wani tsohon ɗan doka don ya kamo wanda ya kashe ubanta. A na 1969 John Wayne ne ya cika fage, ya ƙare da tsallake shinge bisa doki. A na 2010 yarinyar ce mai ba da labari da bakinta. Ta sami fansar da ta nema, amma maciji ya sare ta, aka yanke mata hannu. Bayan shekara 25 ta tafi neman tsohon, ta tarar ya riga ya mutu.

Watau masu yin na baya sun mayar da mutanen da aka manta cikin labarin, sa'an nan sun nuna ramuwa da bindiga ba ta zuwa kyauta. Wanda ya kalli tsoho kaɗai, rabin labari ya ji.