Daga Dandali Zuwa Aji: Tarihin Koyon Wasannin Ƙarfi a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Kafin birnin Kano ya tsallake ganuwarsa ya malala ta hanyar Zariya, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ƙauyuka ne da gonaki suka kewaye, kuma kamar sauran ƙauyukan ƙasar Hausa, lokacin wasannin ƙarfi a cikinsu shi ne kaka, bayan amfanin gona ya shiga rumbu. A wancan zamani babu malamin da ke tara yara ƙanana yana koya musu faɗa, domin dandali, wato filin da matasa ke haɗuwa da farin wata, shi ne makarantar. Yaro ɗan shekara huɗu ko biyar yakan fara da langa, inda zai riƙe ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗayar, yana neman ture abokin karawarsa, wanda hakan ke koya masa tsayuwa da daidaita jiki tun bai san amfaninsu ba. Daga nan sai kokawa a kan yashi tsakanin sa'o'i, yayye na gefe suna zuga su, suna kuma raba su da zarar wasa ya nemi zama gaba.

Dambe kuwa ba na kowa ba ne, domin asalinsa wasan mahauta ne, musamman rundawa, waɗanda ke yawo gari-gari da kaka suna fawa suna karawa da 'yan damben garin da suka sauka. Ɗan mahauci yakan tashi da amon kalangu a kunnensa, yana kallon yadda ake naɗe hannu ɗaya da ƙyalle a bi shi da zare har ya yi tauri, a bar ɗayan a buɗe don kariya da auna tazara. Ana yin turmi uku, wato zagaye uku, kuma wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa an ce an kashe shi, ko da kuwa ya miƙe yana dariya. Yara kan kwaikwayi wannan da tsumma a bayan gida, suna kiran kansu Shago, gwarzon da waƙar Ɗan Anace ta ɗaukaka, amma ba a ɗaura wa yaro zare na gaske sai ƙashinsa ya yi ƙwari.

Sauyi ya zo ta hanyoyi biyu. Gine-gine sun cinye gonaki da dandaloli, musamman bayan kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988, dambe kuma ya koma gidajen da ake shiga da kuɗi, irin na dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari. Sannan finafinan Bruce Lee da suka mamaye silimomin Kano daga shekarun 1970 sun cusa wa samari sha'awar kareti, wasan da ya samo asali daga Okinawa ta ƙasar Japan, kafin tekwando na Koriya ya yi farin jini da lambar tagulla da Chika Chukwumerije ya ci wa Najeriya a Beijin a 2008, da ta azurfa da Abdoulrazak Issoufou Alfaga ya kai wa Nijar daga Riyo a 2016.

Shi ya sa a yau koyon wasan ƙarfi ga ƙaramin yaro ya fi zama darasi mai malami da farin kaya da ɗamara mai launi, wadda ke nuna matakin da ɗalibi ya kai, kuma iyaye ne ke biya. Tsarin ya fi na da kiyaye lafiyar yaro, sai dai ya tsaya ga 'ya'yan masu hali, alhali langa ba ta taɓa buƙatar ko sisi ba.