Daga Alƙalami Zuwa Kwamfuta: Tarihin Rubutun Ciniki a Birnin Kano

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin hanyoyin da 'yan kasuwar cikin birnin Kano suka bi wajen rubuta wasiƙu da adana lissafi, tun daga zamanin fatake har zuwa zamanin kwamfuta. Sau da yawa akan ɗauka cewa rubutun ciniki baƙo ne, Turawa suka zo da shi. Mu kuwa muna ganin ba haka abin yake ba. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne kayan aikin da kuma mai riƙe da su, amma bukatar tana nan tun fil'azal, watau tsare amana tsakanin mutane biyu da nisa ya raba.

Zamanin Alƙalami da Tawada

Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) shi ya kafa Kasuwar Kurmi. Lokacin da Bature Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana kai tufafin da aka saƙa aka rina a nan har Tambutu da Turabulus. Cinikin da ya yi nisa haka ba ya yiwuwa da baki kaɗai. Larabawan Gadamas da ke zaune a Dandalin Turawa suna aika wasiƙu da Larabci a hannun ayari, takardar ma kanta daga Italiya take fitowa, ta ratso Hamada. Haka kuma Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, masu fataucin goro zuwa Gwanja, ba sa rabuwa da malami a cikin ayari. Shi ke addu'a, shi ke rubuta wasiƙa.

Babbar shaida a nan ita ce Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya rasu a Karaci ta ƙasar Gana a 1934. A 1877 ya wallafa littafi da Larabci a kan yadda ake tsara wasiƙa. Ashe ke nan tun kafin zuwan Turawa rubuta wasiƙa ya zama fanni mai ƙa'idojinsa. Daɗin daɗawa, aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarci Musulmi su rubuta bashi su kafa shaidu. Amma kada mu zuguguta: galibin cinikin Kurmi a ka yake, fatoma da dillali su ne littafin, kuma sanin asali shi ne jingina.

Zamanin Akawu da Tafireta

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903. A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nasarawa, a 1911 kuma hanyar jirgin ƙasa ta iso. Daga nan cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa suka kafa kantuna a wajen ganuwa, suka zo da rasit da littafin lissafi da tafireta. Duk mai son ya karɓi kuɗin kamfani ya sayo gyaɗa, tilas ya yi hulɗa da takarda a harshen da bai sani ba.

A nan ne akawu ya shigo tsakani. Da yake 'yan boko ba su da yawa a cikin birni, akasarin akawunan farko mutanen kudu ne da na Saliyo da Gana, mazauna Sabon Gari. Manyan attajirai irin su Alhaji Alhasan Ɗantata na Koki (ya rasu a 1955) suna da halin ɗaukar nasu ma'aikatan. Ƙaramin ɗan kasuwa kuwa sai ya nufi mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ko kotu, ya biya, ya kuma tona wa bare asirin cinikinsa. Wannan ita ce asarar da ba a cika ambatawa ba: da can malamin ayari na gida ne, yanzu kuwa alƙalamin ya bar hannun mai dukiya.

Har ila yau tafireta ba ta yi wa Hausa adalci ba. An shigar da haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, a shekarun 1930, amma yawancin kekunan rubutu ba su da su. Sai mai bugawa ya lanƙwasa da biro ko ya ƙyale, har a kasa bambance kafa da ƙafa. Sa'an nan a 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, lissafi ya koma goma-goma, abin da ya sauƙaƙa wa kalkuleta shiga kanti.

Zamanin Kwamfuta da Wayar Salula

Kwamfuta ta fara da bankuna da jami'a da ofisoshin gwamnati. A shekarun 1990 shagunan buga takardu suka yawaita, inda ake tsara wasiƙa da takardar yarjejeniya da ta neman kwangila. Fifikonta a kan tafireta a fili yake: ana gyara kuskure ba tare da sake buga shafi ba, ana kuma ajiye kwafi a sake amfani da shi. Wannan sauƙin ne ya taimaka wa littattafan nan da aka yi wa laƙabi da adabin kasuwar Kano. Duk da haka, mai shagon magajin akawu ne, sa'an nan ga ƙarancin wutar lantarki.

Babban sauyi ya zo ne da wayar salula a 2001. A 2013 Babban Bankin Nijeriya ya faɗaɗa shirinsa na rage amfani da tsabar kuɗi zuwa Jihar Kano, kuma ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tilasta wa waɗanda suka ƙi a da su karɓi kuɗi ta waya. Ga kuma saƙon murya na WhatsApp, wanda ya ba wanda bai yi boko ba damar ƙulla ciniki da bakinsa, da Hausarsa, ba tare da tafinta ba. A iya cewa bayan kusan shekara ɗari alƙalamin ya komo hannun mai dukiya.

Kammalawa

Sai dai ba a rasa nono a ruga, ba a kuma rasa ƙuda. Wasiƙar da aka rubuta da tawada takan shekara ɗari a cikin gafaka, amma lissafin da ke cikin waya yana iya salwanta da faɗuwa ɗaya a kwata. Idan ɗan kasuwa ya rasu wayarsa na kulle, magada da masu bin bashi za su tsaya gaban alƙali hannu rabbana. Gobarar Kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta nuna mana cewa takarda ma ba ta tsira ba, don haka hanyar da ta fi ita ce a haɗa biyun, a kuma ajiye kwafi a wani wuri dabam.

Saboda haka muna kira ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da Jami'ar Bayero su nemi izinin tsofaffin gidajen fatake na Koki da Dala da Dandalin Turawa, a ɗauki hoton wasiƙu da rasitai da littattafan lissafin da suka rage, tun kafin gara ta riga mu. In ba haka ba, waɗanda za su rubuta tarihin kasuwancin Kano nan gaba za su dogara ne ga abin da kamfanonin Turawa suka rubuta game da mu, alhali kuwa kakanninmu sun rubuta nasu.