Samanja Mazan Fama: Banufen da Ya Shigo da Bariki Cikin Gidajenmu

Ranar 12 ga Nuwamba, 2023, Allah Ya yi wa Alhaji Usman Baba Pategi rasuwa a Kaduna, yana da shekara 81. Da yawa daga cikin masu karatu ba za su gane wannan suna ba sai an ce Samanja. To, a nan kuwa tun daga Ɗanzomo har Maigatari, duk wanda ya yi wayo kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 ya san wanda ake nufi. Mai akwatin talabijin ya gan shi, wanda ba shi da ita kuma ya ji muryarsa a Rediyon Kaduna.

Abin mamaki shi ne, mutumin nan ba Bahaushe ba ne. Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi da ke bakin kogin Kwara, inda aka haife shi a 1942. Ya yi aiki a gidan watsa labarai na Arewa a Kaduna, sannan ya shiga soja a zamanin da ƙasar nan ta faɗa yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Saboda haka rayuwar barikin da ya riƙa nunawa a wasansa ba labari aka ba shi ba. Gani ya kori ji.

Domin a fahimci muhimmancin wasan, sai mun ɗan waiwayi baya. A zamanin Turawa Hausa ce harshen bariki, da ita ake horar da kurata ko daga wace ƙabila suka fito. Daga nan aka sami Barikanci, wato Hausar da ta cuɗanya da Turancin soja. Kalmar "samanja" kanta daga sunan wani muƙami na sojan Ingila Bahaushe ya aro ta, kamar yadda ya aro "kofur" da "saje". Amma duk da wannan kusanci na harshe, talaka tsoron soja yake yi, musamman da yake tun daga 1966 har 1999 ƙasar ta fi daɗewa a hannun masu kaki.

Wannan katanga ce marigayin ya huda. Ya fito da sojan da ke daka tsawa a filin fareti, ya koma gida kuɗin cefane su gagare shi. Ya nuna mana cewa a ƙarƙashin kakin nan akwai magidanci mai cin bashi, mai kuskure, mai neman gafara kamar kowa. Sojoji suka yi dariyar kansu, farar hula kuma suka yi dariyar abin da a da ko kallonsa ba su iyawa. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne ga ƙasar da ba ta daɗe da fita daga yaƙi ba.

To, ina nauyin da ke kanmu, mu marubuta? Kaset yana lalacewa, waɗanda suka yi aiki tare da shi kuma kullum raguwa suke yi. In ba mu bi su mun rubuta abin da ke cikin kawunansu ba, jikokinmu za su ji sunan Samanja kamar tatsuniya. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata namu ƙarshen, amin.