Gagarau: Asalin Kalmar da Shaidar Tarihin Adar

Idan Bahaushe ya ga ƙarfin da ba shi taruwa, sai ya kira shi gagarau. Tushen kalmar shi ne aikatau "gagara", aka ɗafa masa "-au", kamar yadda "manta" ya haifi "mantau". Abin lura a nan, gagara tana faɗar kasawar waɗanda suka gwada ne: ya gagare su.

Tarihin Adar ya shaida haka. Wajen 1809, Muhammadu Jilani, malamin Abzinawa daga arewacin Tawa, ya ɗaura jihadi, ya gagari Kel Geres, ya mamaye Adar. Wajen 1816, Ibra na Tamesgidda ya haɗa kai da Kel Geres suka karya shi, har ya nemi mafaka a ƙasar Sakkwato. Shi kansa Ibra, a 1836 ya sha kashi a Gawakuke tare da Gobirawa da Katsinawan Maraɗi, a hannun Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Ashe kowane gagarau da zamaninsa, da kuma abokan karonsa. Malamin da ke koyar da wannan kalma ya dace ya tambayi ɗalibansa: wa ya gagara, kuma har zuwa yaushe?