Kamuwa da ƙwayoyin cuta bayan tiyatar sauya gwiwa

Kamuwa da ƙwayoyin cuta bayan tiyatar sauya gwiwa matsala ce da ke samun kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin karon farko. Galibi bakteriyar Staphylococcus ce sanadi. Takan manne wa ƙarfen da aka dasa, ta yi yauƙin da magani ba ya ratsawa sosai. Alamomin matsalar su ne ciwo, kumburi da fitar mugunya.

In an gano ta da wuri, akan buɗe gwiwar a wanke, a bar ƙarfen. In ta daɗe kuwa, sai a cire shi, a ba da magani na kimanin mako 6, sannan a dasa sabo. Likita John Insall da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon wannan hanya ta biyu a 1983.